Shaidar Tirifena

Tirifena na cikin tankaɗen gari ubangidanta Numeriyus ya leƙo madafa, ya ce ta wanke hannu ta sa rigarta mai kyau, yau gaban alƙali za su. Bai jira amsa ba ya juya.

Sai da ta nemi wuri ta zauna. A Roma ba a kai bawa gaban alƙali cikin rigar kirki sai don abu guda: a ɗora masa sanda a kafaɗa, a ce daga yau ɗa ne. Ita ta shayar da Numeriyus bayan uwarsa ta mutu wurin haihuwarsa, kuma tun yana yaro yake cewa ranar da ya gaji gidan zai 'yanta ta. Ya gaji gidan, ya yi aure, har furfura ta fara fito masa, kullum maganar sai an ɗan natsu.

A hanya suka bi ta gaban Hilarus mai gashin burodi, wanda suka yi bauta tare kafin a sake shi. Yana ganin rigar ya fito da gari har a gira, yana tsokanarta wai 'yanci ya zo bayan haƙora sun zube, da me za ta tauna shi? Ta ce ai burodinsa ne ya zubar da su. Ya yi dariya, ya ce da yamma ta biyo su sha ruwan inabi. Numeriyus yana can gaba, ko waiwaye bai yi ba.

Dandalin shari'a ya cika maƙil. Cikin taron ta hango Oppiyus, yayan Marsela, matar Numeriyus da zazzaɓi ya kashe a watan jiya. Ta san yana yawo da zancen wai guba Numeriyus ya ba Marsela, amma ba wanda ya gaya mata cewa zancen ya kai gaban alƙali. Ita kuwa ita ta yi jinyar Marsela, duk abin da ya shiga bakin yarinyar da hannunta ya shiga, ta san babu wata guba.

Lauyan Numeriyus ya miƙe ya daɗe yana zuba. Can sai ya nuna ta da yatsa, ya ce wanda ake ƙara ba shi da abin ɓoyewa, ga baiwar da ta yi jinyar ya kawo da kansa, a tambaye ta yadda doka ta tanada. Taron ya yi guna-guni. Ko ƙaramin yaro a Roma ya san ma'anar wannan: bakin bawa ba shaida ba ne sai an fito da maganar da azaba.

Ta matsa kusa da Numeriyus ta kama gefen mayafinsa.

"Ɗana, ai ba sai an ɗaure ni ba. Zan faɗa musu yanzu, a tsaye."

"Ba za su karɓa ba, Inna."

"To 'yanta ni. Ga alƙali, ga sanda. Sai in yi shaida kamar kowa."

"Na yi wannan tunanin," ya ce, yana kallon wani wurin. "Lauya ya ce in na 'yanta ki za a ce sayen bakinki na yi. In kuwa a ɗaure kika faɗa, ba mai musu. In suka same ni da laifin nan, kora ce zuwa tsibiri, gidan ma ya tafi. Na san ba za ki ba ni kunya ba, shi ya sa na zaɓe ki."

"Rigar fa? Me ya sa ka ce in sa?"

"Don kada a ce ina wulaƙanta bayina."

Ɗakin da aka kai ta yana bayan dandali, yana warin tsohon gumi. Mai aikin wani ƙato ne mai sanyin murya, ya kira ta "Baba", ya ba ta shawarar ta cire rigar kada ta lalace. Aka kwantar da ita a kan katako, igiya a hannu, igiya a ƙafa. Wakilin Oppiyus yana tambaya, ƙaton yana murɗa itacen da ke jan igiyoyin. Aka gaya mata kalma ɗaya za ta faɗa, guba, a kwance ta.

Ta yi tunanin faɗa. Sa'ad da kafaɗarta ta dama ta goce, kalmar har ta zo mata baki, kuma ba tausayin Numeriyus ne ya mayar da ita ba. Marsela ta tuna, yadda ta cika a cinyarta tana neman ruwa, ta ga ba za ta iya yi wa mutuwar yarinyar ƙarya ba. Ta ce zazzaɓi ne. Suka ƙara murɗawa har kafaɗar hagu ta bi, ta ce zazzaɓi ne.

Kafin rana ta faɗi alƙalai suka wanke Numeriyus. Ya zo da amalanke shimfiɗe da ciyawa, aka ɗora ta, hannayenta suna reto kamar ba nata ba. Ya bi gefenta a ƙasa, idonsa jawur, yana rantsuwa da allolin gidansu cewa gobe da safe zai mayar da ita gaban alƙali a ɗora mata sanda, ta tafi duk inda take so.

Tirifena ta daɗe tana kallonsa.

"Ba inda za ni, maigida," ta ce. "A shimfiɗa mini tabarma a bakin ɗakin cin abincinka. Kai za ka riƙa ba ni a baki."

Mai amalanke ya tsaya a mararraba, ya tambaya ta wace hanya za a bi.