Jar Mota a Kan Kututture

Watan Agusta ne kaɗai garinmu yake zama gari. Sauran shekara daga mu tsofaffi sai karnuka sai ƙararrawar coci. Amma da Agusta ya kama, 'ya'yanmu za su fara gangarowa daga Faransa da Swizalan, kowa cikin motar da ya ci sanyi ya ci wulaƙanci kafin ya saya, don dai a gani a gida. Su kuwa lungunan garin nan don keken shanu kakanninmu suka yi su, dutse hagu dutse dama, kuma dutse bai san motar tsada ba. Kafin mutum ya kai ƙofar gidan uwarsa sai ka ji ƙiii, gefen rim ɗin taya ya goge. Daga nan sai garejina, wurin Amadeu mai rim.

Ba na taɓa inji, ba na taɓa birki. Sana'ata rim ɗin alminiyon da ake sa wa motocin gayu: in ya ɓantare in cike, in ya karce in goge, in fesa masa fenti ya koma kamar yau ya fito daga kamfani. A Agusta ko sukunin sosa kai ba na samu. Daga Satumba kuwa sai in share garejin da safe, in sake share shi da yamma don kada hannu ya zauna haka nan.

Tun da matata Ermelinda ta rasu, mutum ɗaya ya rage mini a duniya, ɗana Telmo, da ke aikin gini a Swizalan. Yana zuwa duk Agusta, kada in yi masa ƙarya. Sai dai zuwan nasa zuwan ɗan aike ne: ya kwana ɗaya, ya wuce bakin teku can kudu da abokansa, a dawowa ya tsaya ya sha kofi a tsaye, injin mota na kunne. Ni ba wani abin a zo a gani nake nema ba. So nake ya zauna a gidan nan har ya gundure ni, in ji takun mutum a ɗakin sama, in ɗora babbar tukunya. Shekara guda nake jiran wannan, kuma kullum kofin nan nake tsira da shi.

Bana da sabuwar mota ya zo, ja, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, irin wadda in ta yi gurnani sai tantabarun coci sun tashi. Ya fito yana ɓata rai tun bai gaishe ni ba.

"Sa mini albarka, Baba. Ka ga abin da kwanar cocin nan ta yi mini?"

"Allah ya yi maka albarka. Kwanar nan tun ba a haifi kakanka ba take nan, ba ta taɓa tasowa ta taryi kowa ba."

Na durƙusa na shafa. Rim ɗin gaba na dama ne, ya ɓantare kamar faɗin babban yatsa, sai karce da ya bi gefe. Aikin wuni ɗaya ne, ko da ina yi ina hira.

"Gobe da yamma za mu wuce da su Hélder," in ji shi. Hélder abokinsa ne na ƙauyen gaba, tare suke aiki can. "Ka ɗan shafa masa wani abu kawai. A dawowa zan yi maka kwana biyu cur, na yi alkawari."

"Kwana biyun bara ma ina nan ajiye da su, ko taɓa su ban yi ba."

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata, ya shige gida.

A sana'armu akwai maganar da kowane mai rim yake faɗa wa mai mota: ba a fenta ƙafa ɗaya. In ka sa sabon fenti kusa da wanda rana ta ci, sai motar ta zama kamar mutum mai takalmi wari-wari. Gaskiya ce, amma gaskiyar tsohuwar mota ce. Ta Telmo ko rana ba ta gama saninta ba. Da na haɗa launi na fesa wa guda, shi kansa ba zai iya nuna wanda aka taɓa ba, kuma na san haka sarai. Amma da gari ya waye, yana can sama yana sharar barcin gajiya, sai na ɗauki makulli a kan tebur na shigo da motar gareji. Na ɗaga ta da jak, na kwance ƙafafun duka huɗu, na jera mata kututture ta zauna a kai. Na zare tayoyi, na tsoma rim ɗin cikin randar maganin da ke cinye fenti. Abin da ya shiga randar nan tsirara yake fitowa, babu ja da baya. Sai an cike, a goge, a yi shimfiɗin fari, a sa launi, a rufe da mai sheƙi, kuma kowanne sai ya gasu a tanda ya huce kafin na gaba ya hau. Ga layin motocin mutane a waje. Na ce a raina, mako guda ke nan, in da rabo har da ɗori.

Dona Gracinda mai shagon kofi da ke kallon garejina ta tsallako da kofina a hannu kamar kullum. Tare muka yi firamare, don haka ba ta raga mini. Ta dubi motar a kan kututture, ta dube ni.

"Amadeu, ƙafa nawa ce ta goge?"

"Launi ba zai dace ba."

"Ni za ka gaya wa launi? Tsohon kawai. Kaza ake ɗaure wa ƙafa ta saba da gida, ba ɗan mutum ba."

"Ajiye kofin ki koma shagonki, mutane na jira."

"Waɗanne mutane? Duk suna barci kamar ɗanka. Ka dai bi a hankali, kada garin neman gira ka rasa ido."

Sai da hantsi ya yi sosai Telmo ya sauko, yana hamma, da gajeren wando. Ya tsaya a bakin gareji, hammar ta maƙale.

"Baba, mene ne haka? Ƙafa ɗaya na ce maka."

"Kai ka san siminti, ni na san rim. Ba za ka fita daga nan da takalmi wari-wari a ce ɗan Amadeu ne ba."

Ya daɗe yana kallona. Idon uwarsa gare shi, ita ma haka take kallona in na ce kofi ɗaya kawai na sha a shago. Ya gane, na kuma gane ya gane.

"Yaushe za ka gama?"

"In ya bushe."

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa ma da na fi jin daɗi.

Ranar mun ci abincin rana tare, kifin gishiri da dankali, na kwarara masa man zaitun ɗin gonarmu. Na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba. Na ba shi labarin rufin ɗaki da ke yoyo, da inabin bayan gida da ke son a ɗaure shi, ina ta tsara mana aikin gobe da jibi. Yana cewa to, to, yana latsa waya. Da la'asar sai na ji hon a ƙofar gida. Ni da na yi lissafin fenti da tanda da iska, ban yi lissafin cewa motar Hélder tana da kujerar baya ba.

"Kawu Amadeu, ka yi mini gata," in ji Hélder ta taga, bakinsa har kunne. "Na samu mai karɓar mini tuƙi in na gaji."

Telmo ya jefa jakarsa a baya, ya sumbace ni a kumatu biyu.

"In ka gama ka kira ni, Baba. Zan hau jirgin ƙasa in zo in ɗauka."

Suka bar ni tsaye da tsumma a hannu. Gracinda tana bakin shagonta tana gani, kuma Allah ya saka mata, ta juya ta shige ciki.

To, ni da nake neman aiki ya ja, yanzu ni ne mai gaggawa, tunda sai na gama zai dawo. Na ture motocin mutane gefe, wani ɗan Faransa har ya yi fushi ya tafi birni da tasa. Na cike ɓantaren da waldar alminiyo, na bi da magagari, na bi da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, ina jiƙa ta da ruwa. Ido yana ruɗin mutum a aikin nan, don haka nakan rufe ido in bi gefen da yatsa, in ban ji inda sabo ya haɗu da tsoho ba to ya yi. Amma fenti ba ya jin lallashi. Don sauri na fesa mai sheƙi da kauri a rim na uku, sai ya zubo kamar hawaye ya daskare. Dole na mayar da shi randa na faro daga tushe. Rabon da in yi irin wannan kuskure tun ina ɗan koyo.

Ana cikin haka bikin waliyyin garinmu ya zo. Masu badujala suka zaga lunguna, kowane gida an fito da dogon tebur ƙarƙashin rumfar inabi, jikoki na ta guje-guje suna Faransanci. Ni ina gareji da burodi da cuku a kan gwiwa, rediyo na magana shi kaɗai, ga jar mota zaune a kan kututture ba ƙafa. Samari suka yi ta leƙowa suna ɗaukar hoto da ita. Duk wanda ya ce ina mai ita, sai in ce yana nan tafe. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ko ranar da aka binne Ermelinda akwai mutane a gidan.

Da na gama na ɗaura ƙafafun na sauke ta, na fito da ita rana. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Na kira Telmo.

"Har ka gama? Sannu, Baba. Asabar zan zo, ka jira ni da abincin rana."

Na je wurin makiyayin bayan dutse na zaɓi ɗan akuya. Gracinda ta ce in kawo ta gasa mini a tandarta ta itace, da dankali a ƙarƙashi yana shan romo. Na canza zanen gadon ɗakin sama, na buɗe taga ya sha iska.

Asabar da safe, naman na kan wuta, waya ta yi ƙara.

"Baba, an samu matsala. Shugaban aiki ya kira, Litinin da safe dole ina wurin gini. In na hau jirgin ƙasa zuwa nan wuni ya tafi, ga tuƙi har Swizalan, ba zan kai ba. Zan hau jirgin sama daga nan kawai. Na samu wani mai babbar mota da ke kwasar motoci zuwa can, yau zai biyo ta wurinka."

"Na gasa akuya," na ce. Abin da ya zo bakina ke nan.



"Da motar na hannuna, Baba, da tun tsakiyar mako na taso na yi kwana biyun nan a gida. Na gaji da tekun ma. Su Hélder ne ba sa son tashi, ni kuma ba ni da ƙafa."

Ba don ya ɓata mini rai ya faɗa ba, a muryarsa na ji. Gaskiya kawai ya faɗa, shi ya sa ta shige ni har ƙashi. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ya ce sai baɗi, ya ce in kula da kaina.

Da azahar mai babbar motar ya iso, wani dogo siriri mutumin Moldoba, harshenmu kaɗan-kaɗan yake ji. Na tsaya a kansa yana ɗora motar, na cusa tsumma ƙarƙashin kowace igiya don kada ta goge mini fenti. Ya sunkuya ya shafa rim ɗaya, ya ɗaga mini babban yatsa. Sai ga Gracinda ta tsallako da tiren nama a lulluɓe, tana neman inda za ta ajiye idonta.

"Ka ci abinci?" na tambayi mutumin, ina nuna baki da hannu.

Ya dubi agogo, ya dubi tiren, ya biyo ni. Tebur a shirye yake da faranti biyu, don haka ban ƙara komai ba. Ya cire hula ya zauna, muka hau ci. Da gani ya kwana biyu bai ci abincin gida ba. Na zuba masa cinyar da na ware wa Telmo, ya cinye tas, ya goge farantin da burodi. Har ya tafi da motar ban tambayi sunansa ba.