Farin Zare a Wandon Tela

Ranar da bayan mijina ya riƙe, ba wani kaya mai nauyi ya ɗauka ba. Almakashi ne ya faɗi ƙarƙashin keken ɗinki, ya sunkuya zai ɗauko, shi ke nan ya kasa miƙewa. Maƙwabcin shagonsa mai gyaran waya ne ya rako shi gida, yana tafe a karkace yana cizon leɓe.

Ciwon baya ba baƙo ba ne a gidanmu. Duk wanda ya yi shekaru a duƙe yana taka keke daga safe har yamma ya san shi. Da man zafi muke lallaɓa shi, ina murza masa yana raki, wai hannuna kamar na mai kwaɓa siminti. Don Tela, mijin nawa, akwai raki. In allura ta soke shi a yatsa, sai duk layin shagunan sun ji labari. Kuma duk da haka bai daina halinsa na soka allura a bakin aljihun wandonsa ba in aiki ya kacame masa. Sau nawa ta soke ni wajen wanki, sau nawa muka yi faɗa a kanta, sau nawa ya kama yatsan ya hura masa iska har na yi dariya ban shirya ba. Kullum zai dawo gida da guntayen zare a kafaɗa da gemu, ni kuma in bi ina tsincewa. Shi ya sa nake ce masa Mai Zare.

Amma wannan ciwon daban ne. Ya ce ji yake kamar an zura masa waya mai zafi daga ƙugu har diddigen hagu. Da yamma mai kemis na bakin layinmu ya zo ya yi masa allurar rage zafi. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa yana rufe jakarsa.

"Matar Tela, wannan ta rage raɗaɗi ce kawai. In kin ga fitsari ya gagara, ko wani wuri a jikinsa ya daina ji, kada ki aiko min. Babban asibiti za ku wuce kai tsaye."

Na ce to. Hankalina yana kan nishin da nake jiyowa daga ɗaki.

Da gari ya waye Tela ya ce ya samu sauƙi, wayar nan mai zafi ta lafa, sai dai ƙafafun sun yi masa nauyi. Na yi hamdala. Da na zo ɗauke robar da na ajiye masa a gefen gado don kada ya sha wahalar zuwa banɗaki, sai na ga yadda na ajiye ta haka take. Na tambaye shi a hankali. Ya kau da kai ya ce ai bai sha ruwa sosai ba. Na yarda, don ina so in yarda.

Ban gama haɗa shayi ba Inna, mahaifiyarsa, ta yi sallama, ƙanensa Auta yana biye da ita yana kaɗa makullin tasinsa. Inna ta zauna a bakin gado ta dafa ƙafar ɗanta.

"Wajen mai ɗori za a kai shi. Gocewar ƙashi ce. Ya taka wurin, ya ja, ƙashi ya koma mazauninsa."

"Haba Inna, a taka mutum kamar tabarma?" in ji Auta. "Ga ƙaramin asibitin bayan tasha, ba layi ba jira. Su ɗaura masa ruwa, kafin la'asar ya dawo yana damun mu da surutu."

"Kai da ruwan nan naka. Ko ƙaya ce ta soki mutum sai ka ce a ɗaura ruwa."

Na ajiye kofuna na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni dai da ma babban asibiti aka je, a ɗauki hoton bayan."

Inna ta dube ni, ba da faɗa ba. "'Yar nan, ƙanena da ƙafarsa ya shiga wurin nan. A keken guragu muka fito da shi, kuma a kai ya ƙare kwanansa. Suna ganin baya sai wuƙa."

Na san labarin kawun, kowa a dangin ya san shi. Na dubi Tela, shi ma ni yake kallo.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Ba na so a yanka ni. Da ƙafar nan nake ci da ku. A gwada na Inna tukuna, in bai yi ba sai a je naki."

Magana ta ƙare. Ya ce in miƙo masa wandon aikinsa mai ruwan toka da ke rataye bayan ƙofa, shi ne mai sakakken ƙugu. Ni da Auta muka sa masa, muka tallafo shi zuwa mota yana jan ƙafar hagu, takalmin yana zamewa bai ma sani ba sai da na koma na ɗauko. Muka kwantar da shi a kujerar baya, ya juya ya kwanta a gefensa, kansa a cinyata, gwiwoyinsa a naɗe. Inna ta shiga gaba.

Hanyar ɗaya ce har zuwa babban shataletale. Daga nan hagu ta yi gidan mai ɗori, dama ta yi babban asibiti. Auta yana tuƙi a hankali yana kauce wa ramuka, yana tsokanar yayansa.

"Yaya, in ka ga abin zai yi nisa ka bar min wasiyyar keken nan. Matar Yaya ta koya min ɗinki."

"Kai da ko maɓalli ba ka iya ɗaurawa ba? Gara in bar wa mai gyaran waya."

Har Inna sai da ta murmusa. Ni kuwa ina shafa kansa, idona ya sauka kan wani farin zare da ke lilo a bayan wandonsa, ƙasa da aljihu. Hannuna ya tafi da kansa kamar kullum. Na kama zaren na ja. Ya ƙi tahowa. Na naɗe shi a yatsa na ƙara ja, sai ga allura tana fitowa a hankali, ba daga yadi kaɗai ba, daga cikin naman cinyarsa. Fiye da rabinta ya shige. Wani ɗigon jini ya biyo ta ya yi baƙi a kan ruwan tokar.

Tela bai motsa ba. Yana nan yana gaya wa Auta yadda ya taɓa ɗinke aljihun wani da kuɗinsa a ciki.

Na riƙe allurar ina kallon ta. Mutumin da in ta shafi yatsansa sai ya tara jama'a. Tun yaushe take jikinsa? Tun da muka kwantar da shi, ko tun a ɗaki? Na sa farce na mintsini wurin da ƙarfi, irin mintsinin da ban taɓa yi wa kowa ba.

"Mai Zare, ka ji?"

"Na ji me?"

Sai maganar mai kemis ta dawo min gaba ɗayanta, da robar nan da na ɗauke a bushe. Na ɗaga kai na hango shataletalen, Auta har ya kunna siginar hagu.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga murya a gaban Inna ba. Ko sunan ɗanta ban taɓa kamawa tana wurin ba, balle in yi zancen abin da ya shafi banɗakinsa.

"Auta, tsaya."

"Matar Yaya, nan ba a tsayawa."

"Na ce ka tsaya!"

Ya gangara gefen titi, masu babura suna ta yi mana hon. Na miƙa hannu tsakanin kujeru na nuna wa Inna allurar, da jinin a jikinta, da zaren yana lilo.

"Inna, daga cinyarsa na zaro ta. Bai ji shigarta ba, bai ji fitarta ba. Sauƙin da ya ce ya samu ba sauƙi ba ne, wurin ne ya daina ji." Na sunkuyar da kai. "Kuma ki gafarce ni, tun jiya bai yi fitsari ba."

Tela ya rufe fuska da hannu. Na ji ɗumin hawayensa ya ratsa zanena.

Inna ta juyo gaba ɗaya. "Kai, gaskiya ne?"

"Na yi ta ƙoƙari, Inna," ya ce daga cikin tafinsa. "Ba ya zuwa. Marata ta cika amma ban jin komai."

"Shi ne ka yi shiru?"

"To a gabanki zan faɗa?"

"Ni da na wanke maka fitsarin shekara nawa?" Ta karɓi allurar daga hannuna ta juya ta, ta daɗe tana kallo. Na san ƙanenta take gani, da keken guragun nan. Na ce mata mai kemis ya faɗa tun jiya, in aka ga haka kada a tsaya ko'ina.

"Mai ɗori ƙashi yake gyarawa," ta ce a hankali, kamar da kanta take. "In ya taka, wannan ko ihu ba zai yi ba balle a san an yi ɓarna."

Na sunkuya kusa da kunnen mijina. "Mai Zare, jikinka ne. Ka faɗa da bakinka."

Ya sauke hannunsa. Idanunsa sun yi ja. "Auta, yi dama."

A sashen gaggawa layi ne har waje, na ɗauka a nan za mu wuni. Amma da na gaya wa nas ɗin da ke bakin ƙofa zancen fitsarin da allurar, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta kira a kawo gadon turawa. Aka sa masa robar fitsari, aka shiga da shi ɗaukar hoto. Likitar da ta fito ta yi mana bayani a tsaye. Ta ce wani abu mai kamar guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya fito ya danne jijiyoyin da ke sauka ƙafafu da mara, kuma a ranar za a yi aiki, don in jijiya ta daɗe a danne ba lallai ta farfaɗo ba. Ba ta yi mana alkawarin komai ba. Tela ya sa hannu a takardar amincewa da kansa. Inna ta zauna a benci, allurar tana soke a bakin mayafinta, har aka fito da shi.

Jin bai dawo lokaci ɗaya ba. Fitsari ya fara daidaita, sannan ya fara takawa da sanda. Ƙafar hagu har yau ba ta gama sakewa ba, da dama yake taka keke, ta hagun tana ajiye a gefe kan wani ɗan katako da Auta ya yanko masa. Kullum da safe, in ina taya shi sa kaya, sai in mintsini bayan cinyar nan ba tare da na gaya masa ba. Ya yi ta zancensa, ni kuma in juya in ɗauko masa hula don kada ya ga fuskata.

Wata safiya Inna tana falo tana jiran ya fito su gaisa, na mintsine shi kamar kullum.

"Wayyo! Ke wai me na yi miki? Farce ne wannan ko filaya?"

Daga falo Inna ta ɗaga murya. "'Yar nan, wurin ne?"

"Wurin ne, Inna."

"To ƙara masa."