Mai Nasara Biyu

Kafin majo, ma'aikacin jinyar kilinikin, ya zare allurar, leɓen Mai Nasara ya fara kumbura. Hauwa'u mai karɓar marasa lafiya ta baro taga da gudu. Tsohon nan maƙwabcinta ne a unguwar Birni, baduku, katanga ɗaya ta raba su. Ita ce ma ta matsa masa ya zo a duba ƙurjin ƙafarsa.

Ya riƙe mata hannu, murya ta shaƙe. "'Yata, na ce musu fa ba na shan wannan."

Ya faɗa kuwa. Majo ya leƙa ordinata, wato kwamfuta, ya ce ba a rubuta ba, tsofaffi dai akwai tsoron allura. Alhali Hauwa'u da hannunta ta shigar bara cewa penisilin na kashe shi.

Kafin azahar rai ya yi halinsa. Aka sa shi a makara da la'asar, almakashinsa na nan kan fatar da bai gama yanka ba.

Washegari ta zauna ta tono abin. Ashe Mai Nasara Idris biyu ne, na Birni da wani manomi na Droum. Duk wanda aka haifa ba takarda, ɗaya ga watan ɗaya ake liƙa masa, sai ka ce ranar ce kaɗai ake haihuwa a Damagaram. Suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya.

Abdulƙadir da ya kafa musu tsarin ordinatar ya san haka. Ya ɗaure na'urar: ba ta haɗa mutum biyu sai lambar kati da sunan uwa sun dace, kuma ba mai taɓa ainihin ma'ajiyar sai shi. Mai kilinikin, Alhaji Rabi'u, ya ce ba a kulle shi a gidansa. Ya karɓe mabuɗin, ya sallami Abdulƙadir, ya kwance sharuɗɗan wai suna tsawaita layi. Wata Lahadi ya zauna yana sharar maimaici. Ya haɗe tsofaffin biyu, ya bar bayanan na Droum a sama, na badukun suka shafe. Gyaran gangar auzinawa!

Da ta nuna wa Alhaji, ko kujera bai gyara ba.

"Kwana ne ya ƙare, Hauwa'u. Ko za ki ja da Allah?"

Wannan ta fi mata ciwo. Shi ne kuma a sahun gaba wajen ta'aziyya, har da buhun shinkafa. Ta haɗiye, don tana da bakunan ciyarwa, kuma ta tsani kanta da haɗiyewar.

Ranar Alhamis wani tsoho ya tsaya a taga, ƙafafu duk ƙasar gona. Ya miƙo kati, ya ce daga Droum yake, ya zo awon jini. Ta buga lambarsa. Allon ya nuna mata abin da majo ya shigar: ya rasu.

Tsohon ya ƙara turo katin ta ƙarƙashin gilashi, yana murmushi, yana jira.