Ƙasa Mai Kitse

Barau ya durƙusa ya damƙo ƙasa, ya matse ta a tafin hannu, ya kai hanci ya shinshina. Da ya buɗe hannun sai rairayi ya zube ta tsakanin yatsunsa, ko alamar danshi babu.

"To, Sarkin Fawa, yaya ka ji ta?" in ji Hamma, yana tsaye da sandarsa a kafaɗa.

"Ramammiya ce," in ji Barau. "Duk haƙarƙari."

Barau ba sarkin kowa ba ne. Mahauci ne a kasuwar Batsari, ko kuma a ce a da mahauci ne. Tun da annobar shanu ta ratsa ƙasar Katsina bara ta share garken Fulani, wuƙarsa ba ta sake ganin jini ba. Zuwairatu matarsa ta sayar da tasoshinta sun ci, ta sayar da tunkiyarta sun ci. Da mai garin Tsaskiya ya ce duk mai son daji ya je ya zaɓa ya ɗaure ciyawa, wurin ya zama nasa, sai ta ce masa kada ya dawo gida ba gona, don ruwan farko ya riga ya sauka.

Matsalar ita ce Barau bai taɓa riƙe fartanya ba. Abin da ya sani shi ne ya matsa cinyar saniya ya faɗi kitsen da ke ciki. Don haka tun hantsi yake bin ƙasar Allah yana latsa ta kamar wanda zai yanka, yana jin kunyar kansa, yana kuma ci gaba da yi.

Hamma, Bafulatanin da ya saba sayar masa da shanu, shi ya yarda ya raka shi, tunda ya san dajin kuma yanzu ba shi da abin kiwo. Ya kai shi gindin dutse, wurin duk tsakuwa. Ya kai shi wani fili mai sabara, ƙasar fara fat. Ya nuna masa ƙoramar da ake tonon yashi a sami ruwa, suka tona har gwiwar hannu kafin ya tsattsafo.

"Idan na kawo Zuwairatu nan," in ji Barau, "ita za ta ɗebo ruwa da safe, ni kuma in tafi nemanta da yamma."

Bayan azahar ya hango wani wuri a gabas, bayan wata tsamiya, ya yi kore shar. Ya lura sau biyu Hamma yana kewaye wurin da shi.

"Can fa?"

"Ba komai can," in ji Hamma. "Mu bi nan."

Barau ya yi murmushi. Ya san wannan wasan, a ciniki ya tsufa: mai kaya ba ya nuna na kirki da farko. Ya ji daɗin kansa ƙwarai da ya gano, ya wuce gaba yana taƙama.

Ciyawar ta kai idon sawu, alhali ko'ina ba ta wuce tsiro ba. Ƙasar baƙa ce, ya matse ta ta dunƙule a hannunsa.

"Wannan ita ce ƙasa! Dubi kitse, Hamma. Ashe ɓoye mini ka yi, kana so ka kai wa wani?"

Barau ya zaro tsohuwar wuƙarsa ya shiga tono, don ya ga zurfin baƙar. Wuƙar ta bugi wani abu. Ya jawo shi ya kakkaɓe, kuma wannan karon ba ya bukatar mai yi masa bayani. Ƙashin kafaɗar saniya ne. Ya ɗaga kai ya duba cikin ciyawar sosai, sai ya ga ƙahoni nan da can.

"A nan shanuna suka kwanta," in ji Hamma a hankali. "Dukansu. Ban sake takowa ba sai yau."

Kunya ta rufe Barau. Ya tuna yadda yake zagaya shanun nan a kasuwa yana taɓe baki, yana cewa fata ce da ƙashi, don ya karya farashi.

"Ka yi haƙuri, Hamma. Mu koma wurin tsakuwar."

"Ka kai 'ya'yanka su ci tsakuwa?" Hamma ya sunkuya ya shafa ciyawar. "Tun kana saurayi kake cewa shanuna ramammu ne."

"Yau da bakina na ce suna da kitse."

"Na ji. Na so a ce akwai shaidu."

Barau ya kamo ciyawa zai ƙulla, sai ya tsaya, ya matsa gefe.

"Zo ka kama ɗaya ɓangaren. Rabi naka ne."

"Ni ban iya noma ba, Barau."

"Ni da ka ga ina shinshinar ƙasa tun safe, ka ɗauka na iya?"

Hamma ya daɗe yana kallon ƙahonin. Sannan ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya durƙusa ya kama.