Faifan da Ke Ƙasan Jaka

"Bakwai, sifili, uku, tara..." Injiniya tana karantowa daga allon tsohuwar kwamfutarta, waya maƙale a kafaɗa. A can ofis, abokin aikinta Dogo yana bin lambar da ke takardarsa.

Dokar ɗan kamfaninsu ke nan: kafin a ɗora wa na'urar kowa sabuwar manhaja, sai an karanta lambar tantancewarta ta waya, an ga ta zo ɗaya da wadda aka rubuta ranar da aka kammala aikin. Ko ɗigo aka taɓa a manhajar, lambar sai ta sauya gaba ɗaya.

"Dakata," in ji Dogo. "Me kike karanta mini? Ko ɗaya bai yi daidai ba."

Ta dubi filashin da ke soke a gefen kwamfutar, 'yar ma'ajiyar da ta ɗauko manhajar a ciki, nan take ta tuna. Jiya tana shirya kaya maigidanta ya leƙo ya ce, "Ara mini 'yar abar nan in buga takarda a shagon bakin titi." Ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce ya ɗauka. Allah kaɗai ya san irin cutar da ya kwaso a kwamfutar da kowa da kowa ke soka wa nasa.

Shugaban ɗakin gwajin jinin da ta zo yi wa aiki, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya matso.

"'Yata, lafiya? Awa ɗaya fa na ce."

Ta gilashin ƙofa tana hango masu jira a kan benci, kowa ya danne auduga a gwiwar hannu. Tsohuwar manhajar ta fara rikita sakamako, shi ya sa aka kashe na'urar tun safe. Da gangan ba a haɗa ta da intanet ba, ofis kuma tafiyar awa huɗu ce a bas. Idan ta koma, yau babu mai samun sakamako. Idan ta rufe ido ta ɗora, wa ya san abin da na'urar za ta rubuta a kan jinin mutane?

"Lafiya lau, Baba. Ka ba ni minti biyar."

Ta zazzage jakarta a kan tebur: caja, makullai, katin rigakafin autarta. Can ƙasa kuwa ga wani faifan CD a 'yar rigarsa ta takarda, da kwanan wata da sa hannunta a jiki. Shekara da shekaru a irin wannan faifan take kai aiki, wanda ake rubuta wa sau ɗaya ya rufe, ba ƙari ba gogewa. Har Uwar Faifai suke kiranta a ofis. Dogo ne ya yi ta yi mata tsiya, wai mutanen da ma sun daina, har ta yarda ta gwada filashi a wannan karon. Amma hali zanen dutse. Ranar da aka gama manhajar sai da hannunta ya ɗora ta a faifai, ta jefa a jaka ta manta.

Kwamfutar ta haɗiye faifan tana gurnani.

"Dogo, kana ji? Huɗu, huɗu, takwas, ɗaya..."

"E. E. Ci gaba."

Har ƙarshe bai ce komai ba sai e. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, sai a lokacin ta ji gumin da ya jiƙa mata baya. Daɗi ya kama ta har ta yi dariya ita kaɗai.

Ta ɗora wa na'urar manhajar, bayan minti ashirin ta tofo takardar farko. Dattijon ya gwada ta da samfurin da ya riga ya san sakamakonsa, ya gyara tabarau, ya gyaɗa kai, ya buɗe ƙofa ya kira mutum na farko.

Ta sa filashin a ambulan, ta rubuta "Kada a soka" a bayansa. Tana tsaye a tashar bas wayarta ta yi ƙara.

"Uwar Faifai," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa, "wai sababbin faifan nan, a ina kike ajiye su? Jibi ni ke da tafiya."

"Suna durowata ta biyu," ta ce. "Amma ka fara mayar mini da wanda kake ɗora kofin shayinka a kai."