Ƙaron da Usta Bishoy Ya Shimfiɗa

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da makullan ɗakin ajiyar kayan tarihi a garinmu, kudu da Minya. A cikin kayan akwai fuskar wata mata da aka zuba da farar ƙasa aka ɗora wa gawarta tun zamanin Rumawa. Bara, da aka ce manyan baƙi na tafe, shugabanmu Ustaz Midhat ya dube ta ya yatsina fuska, ya kira tsohon da ke gyara mana kaya.

"Usta Bishoy, wannan ta koɗe kamar mai ciwon shawara. Sa mata ja a leɓe."

"Ranka ya daɗe, shekararta dubu da ɗari takwas ba ta nemi kwalliya ba."

"Kai ma shekararka talatin a aikin nan ba ka nemi sallama ba. Ko kana so?"

A gabana aka yi wannan magana. Usta ya ɗauke ta ya shiga ɗakin aikinsa.

Bana Dakta Nirmin ta zo daga Alƙahira da na'urar da ake haska abu da ita ta faɗi sinadaran jikinsa. Baƙin gira na gawayi ne, shuɗin gefen ido na tagulla, duk na asali. Da ta kai leɓe sai ta ɗago kai.

"Wannan fentin kanti ne. Wa ya yi wannan ɓarna?"

Ustaz Midhat ko ƙifta ido bai yi ba. "Tsufan Usta Bishoy ne, Dakta. Mun sha hana shi."

A ranar aka dakatar da Usta daga aiki.

Bayan kwana uku Dakta Nirmin ta sa ɗan ɓarɓashin leɓen a madubin ƙara girma, ta ga siririn shafin ƙaro tsakanin fentin da tsohon launi. Ta jiƙa auduga ta goga a hankali, ƙaron ya narke, fentin ya bi shi, jar ƙasa ta asali ta fito lafiya lau. Usta ya bi umarni, amma sai da ya yi wa matar kariya.

Na sami Dakta na faɗa mata komai. Ta ce, "Baba Safwat, na'urata abin da aka shafa take faɗa, ba ta faɗin wanda ya sa a shafa."

"To ai ni na faɗa."

"Zan tura wa shugabanku rahotona ya duba."

Rahoton ya fito da sa hannun Ustaz Midhat. Fentin aka rubuta da sunan Bishoy, har da na ubansa. Ƙaron kuwa aka ce aikin wani gwani ne da ba a gano ko wane ne ba. Har yau ba a kira Usta ya dawo ba, kuma babu wanda ya ji kunya.