Nonon da Torkil Ya Sha

Ni na shayar da Torkil, shugaban danginmu. Ubansa ne ya kawo min shi yana jinjiri, ya haɗo da shanu kamar yadda aka saba. A bukkata ya girma tare da 'ya'yana maza. To, a wajenmu ɗan'uwan nono shi ke tsayawa gaban shugaba ranar yaƙi. Kibiyar da aka harbo masa, ƙirjinka za ta fara samu.

Gabarsa da mutanen tsibirin ƙetare ta ci min 'ya'ya biyu. Murchadh wajen ƙwato shanu, Aonghas ranar da aka je ƙona musu jirage. Saura Eachann, autana, ga matarsa Beathag da goyo.

Sanyi na wucewa sai ga Torkil, ya sunkuyo ya shigo kamar da. Na ba shi gurasa da cuku. Sai da ya haɗiye na ce, "Na ba ka nono, na ba ka 'ya'ya biyu, ban taɓa roƙonka komai ba. Bar min wannan."

"Inna," ya ce, "in na shiga jirgi babu ɗan'uwana a gabana, wa zai biyo ni?"

"Kai da ka yi ta tsula min fitsari a baya, yau kai ne mai jama'a?"

Ya yi dariya. Eachann ma ya yi, daga bakin ƙofa, gatari a kafaɗa. Ashe tun jiya ya wasa shi.

"Haba Inna," in ji Eachann, "so kike a ce na ɓuya cikin tumaki?"

"A ce mana! Tumaki ai suna dawowa gida."

Suka tafi suka bar ni ina magana.

Da jiragen suka dawo, Torkil ya sauko da ƙafarsa. Eachann kuwa ɗauko shi aka yi, a naɗe cikin mayafin shugaba. Torkil ya yi kuka, kuma ban ce na ƙarya ba ne.

Bayan an binne, ya dawo da masu busa, da shanu, da ɗansa sabon haihuwa. Ya miƙa wa Beathag jaririn a gaban kowa.

"Ba gidan da ya kai wannan amana," ya ce.

Jama'a suka ɗau shewa. Irin wannan girma ba a mayar da shi. Beathag ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Sai ta matsar da jikana gefe ɗaya, ta ba ɗan Torkil ɗaya nonon.